Shekarar da Ba a Yi Sharar Wuta Ba

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da aikin lauyancin naki. Mu nan sai godiya. Gwiwar Inna ce ta tashi kamar yadda ta saba, amma tana cin abinci tana faɗa, kin san kuwa in Inna tana faɗa to lafiyarta ƙalau. Matata Uwar Biyu tana gaishe ki, ta ce a tambaye ki ko har yanzu littattafan ne mijin naki.

Auta, ba gaisuwa kaɗai ta sa na tare direban motar kasuwa ba. Wani abu ne ya tunkaro mu. Kwanakin baya wasu mutane suka zo da abin awo mai ƙafa uku. Ba su nemi mai gari ba, ba su yi wa kowa sallama ba. Suka yi ta shafa jan fenti a jikin itatuwa suna kafa turakun siminti. Mun ɗauka hanya za a yi mana, har aka aika musu ruwan sha. Da suka tafi muka bi turakun ɗaya bayan ɗaya, sai muka ga ba layi ba ne, zobe ne. Ya haɗiye kurmi gaba ɗaya, da rijiya, da maƙabarta, da gidajenmu. Akwai turke guda a bayan ɗakin Inna, daidai inda take shanya.

Daga baya babbansu ya zo, wani dogo da yara suka sa wa Mai Jar Hula. Ya ce gwamnati ta mayar da kurmi gandun daji. Ba shiga, ba ɗibar zuma, ba tonon magani. Kawu mai magani ya ce, "Ranka ya daɗe, to mu da ke ciki fa?" Sai ya shimfiɗa taswira a kan mota ya ce, "Baba, duba da idonka. Nan ba kowa." Na leƙa. Kore ne shar, ba ɗigon gida ko ɗaya. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, kana tsaye da ƙafarka a ce maka ba ka nan.

Kin san da wa kurmin nan ya tsaya. Duk dazukan da ke kewaye da mu sun zama gawayi, namu ya rage saboda ba ma sarar ɗanyen itace, ba ma farauta lokacin haihuwar dabbobi, kuma kowace shekara in ciyawa ta fara bushewa gari duka yakan fita ya share faffaɗan fili a gefensa don kada wutar daji ta tsallako. Wato kulawarmu ce ta sa ya yi kyau har ya shiga ido.

Samari suna so su tumɓuke turakun, na ce su dakata sai mun ji daga gare ki. Kuma lokacin sharar wuta ya gabato, ga shi filin sharar yana cikin zoben. Me doka ta ce?

Yayanki.

*

Yaya,

Amin, wa alaikumus salam. A tasha nake rubuta wannan a kan gwiwata, direba yana ta danna mini hon, don haka ka yi haƙuri da rubutun. Na ba shi man shafawa na ƙafar Inna. Ka ce wa Uwar Biyu littafi dai bai taɓa yi mini minshari ba.

Na karanta takardarka. Doka ba ta ba kowa ikon wayar gari ya mayar da ƙasar mutane gandu ba. Dole a yi sanarwa, a zauna da mazauna, a saurari duk mai haƙƙi. Kuma haƙƙin da al'umma ta gada kotu tana karɓarsa ko ba takarda, in an kawo shaida: kaburbura, tsohuwar rijiya, itatuwan da kakanni suka dasa, bakin tsofaffi. Duk muna da su.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne na taɓa ganin irin wannan a ofishinmu. Da fari a ce gandu ne, a kori masu wurin, sai kuma a ba wani kamfani yanki wai don ya kula da shi. Zan kai maganar gaban shugabar ofishinmu, ta san irin waɗannan shari'o'in ciki da bai. Ba zan samu fita ba sai an gama zaman da muke ciki, amma ina nan tafe.

Turakun nan kada wanda ya taɓa su, abin da suke jira ke nan su sami dalilin kama mutane. Kuma don Allah, Yaya, kada ku sa hannu a komai sai na zo. A komai na ce. Ka faɗa wa mai gari da Kawu haka.

Taka, Auta.

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Man shafawa ya iso, Inna ta ce a gode miki, ta ce ƙafarki ta fi so ta gani. 'Yan biyu sun yi mura sun warke.

Abin da kika ji tsoro shi ya faru. An kawo masu gadin daji da bindigogi, sun sauka a aji ɗaya na makarantar yara, sun kafa shinge a bakin hanya. Duk mai shiga ko fita sai an zazzage kayansa. Sun kama Kawu da ɓawon itace a jaka, suka sa shi durƙuso a rana a gaban jikokinsa. Tun ranar bai sake fitowa zaure ba.

A yammacin kurmi kuwa inji ke kuka tun safe har la'asar. Manyan madatan nan da muke hutawa a ƙarƙashinsu muna yara, ana ta kayar da su. Motoci na fita da gungume ta shingen masu gadin, su ne ma ke ɗaga musu sanda. Na tambayi ɗaya, ya ce wai rage cunkoso ake yi. Ni da na rataye amyoyina a can ba ni da ikon zuwa in duba zumata.

Na karanta takardarki a ƙofar mai gari. Samari suka tayar da jijiyar wuya, har wani ya ce Auta ta sha ruwan birni ta manta. Mai gari ya ce, "Mun tambayi mai sani, ta ce kada mu sa hannu a komai. Wanda ya tambayi hanya ba ya gardama da mai gari." Aka yi dariya kaɗan, kowa ya koma ya rataye fartanyarsa. Don haka bana ba mu yi sharar wuta ba, kamar yadda kika ce.

Amma Auta, hankalina bai kwanta ba. Ciyawa ta kai ƙirji, ta bushe ƙamas. Masu yankan suna ɗaukar gungume su bar rassa tuli-tuli suna bushewa, a nan suke girki, a nan suke shan taba. Inna takan zauna a ƙofar ɗaki ta ɗaga kai tana shinshina iska. Ki yi sauri.

Yayanki.

*

Yaya,

Innalillahi! Ban ma san ta inda zan fara gaisuwa ba. Ba haka nake nufi ba! Takarda nake nufi, Yaya. Kada ku sa hannu a takarda, kada ku dangwala yatsa a kan duk abin da za su kawo muku. Ban ce ku bar shara ba. Na koma na karanta takardarka ta farko, na ga ka yi maganar sharar, ni kuma garin sauri ban ba ka amsa ba.

Ranar da wannan ta iso, ku fita. Ku sanar da masu gadin da baki a gaban shaidu cewa za ku yi shara don kare gidajenku, ku tafi da mata da tsofaffi, da fartanya kawai, ba gatari. Ko da za su kama wani, gara mu yi shari'ar fartanya da mu yi ta toka.

Shugabarmu ta karɓi maganar, muna shirya ƙara. Na ba direba kuɗin mai ya juya yau ba sai ranar kasuwa ba. Ka aiko mini da amsa ko layi ɗaya ne.

Auta.

*

Auta,

Uwar Biyu ce. Ki yi haƙuri da hannuna, rabona da alƙalami tun ina makaranta. Inna tana nan da rai da lafiya, yara ma haka. Na fara da wannan don ki iya karanta sauran.

Wuta ta tashi. Da rana tsaka ne, ina wanki a bakin rijiya, sai na ga tsuntsaye suna tahowa daga yamma kamar an watsa su. Kafin in ɗaga kai hayaƙi ya rufe rana. Daga inda masu yankan katako suke ta taso, kowa ya gani. Su kuwa suka hau motarsu suka gudu, masu gadin ma suka ja baya can bakin shinge.

Yayanki ya shigo a guje ya fizgi fartanya. Na riƙe masa riga na ce, "Turakun fa? Za su harbe ka!" Ya ce, "Sake ni, in ta ci ɗakin Inna da wane ido zan kalli turke?" Gari duka ya bi shi. Maza suna shara wuta na bin su, mu muna jido ruwa, tsofaffi suna duka da ɗanyen ganye. Sharar da ake yi cikin natsuwa a kwanaki, ita aka yi da wuta a ƙeya. Allah Ya taimake mu iska ta juya. Gidaje sun tsira, gabashin kurmi ya tsira. Yamma kuwa ba abin da ya rage sai baƙaƙen kututture. Amyoyin yayanki duk sun tafi. Hannuwansa biyu sun ƙone, ya riƙe ƙotar da ta kama wuta bai sani ba.

Washegari ina cikin shafa masa magani Mai Jar Hula ya shigo har tsakar gida da mutanensa, ba sallama. Ya ce an san masu zuma da hayaƙi suke aiki, don haka shi ya sa wutar. Suka ɗaure hannun nan mai ƙuna, Auta, yana cije baki don kada yara su ji. Suka haɗa da Kawu da samari uku. Inna ta biyo motar da sandarta har ta faɗi.

Takardarki ta zo bayan an gama komai. Direba ya ce masu gadin ne suka karɓe ta a shinge suka ajiye, sai da suka ga dama suka miƙo, a buɗe. Ni na karanta wa Inna. Na ga kamar kina kuka kina rubutawa. Inna ta ce in faɗa miki ba ke kika kunna ashana ba, ki share ido ki nemo ɗan'uwanki.

Yanzu ana cewa tunda mun nuna mu masu ɓarna ne, za a tashe mu kafin damina. Gida huɗu sun riga sun ɗaure kaya. In mota ta yi ƙara, yara ƙarƙashin gado suke shiga. Ba mu san inda aka kai su Yaya ba.

Matar yayanki.

*

Uwar Biyu,

Ina gaishe ki da haƙuri, ina gaida Inna. Na same su. Suna gidan yari a garin da babbar kotu take, ni ma nan na sauka, ɗaki ɗaya da shugabarmu.

Na ga Yaya. An naɗe masa hannuwa, likita ya ce yatsun za su yi aiki in an kula. Ya rame, amma shi ne. Na shirya maganganu da yawa, da na gan shi ta bayan ragar ƙarfe sai hawaye suka zubo mini. Shi ya fara magana, ya ce, "Lauya guda da kuka? To mu mu yi yaya?" Na ce, "Yaya, maganata ce ta jawo." Ya ce, "Ke kika rubuta a gaggauce, ni na karanta a tsorace. A bar wannan. Yaya ƙafar Inna?" Kawu ne jikinsa ba daɗi, tari yake yi sosai.

An shiga kotu. Lauyan gwamnati ya kawo taswirar nan ya ce ba mazauna a wurin, 'yan share-wuri-zauna ne suka shigo kwanan nan. Shugabarmu ta ce a maƙabartar garin akwai kakannin kakanni, kuma rijiyar ta girmi kowa a ɗakin nan. Alƙali ya ce shi ba zai yi hukunci tsakanin takarda da baki ba, zai zo ya gani da idonsa. Ya ba da umarni kada a taɓa komai a wurin kafin ya zo. Beli kuwa sai ya dawo.

Wannan nasara ce, amma ita ce ta hana ni barci. Yanzu sun san abin da alƙali zai zo dubawa. In suka shafe maƙabarta suka cike rijiya, ba mu da shaida. Umarnin kotu takarda ce, ba ta tare ƙarfe.

Wannan karon zan faɗa dalla-dalla. Ban ce ku yi faɗa ba. Ban ce ku zauna a ɗaki ba. Ina nufin kullum, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, a sami mutane zaune a maƙabarta da bakin rijiya. Ba sanda, ba dutse, ba zagi. Na sa kwafin umarnin a ciki, duk wanda ya zo a nuna masa. Na ba wata mai sayar da manja ta ɓoye a cikin kayanta, ba ta hannun direba ba. In akwai kalmar da ba ki gane ba, kada ki yi zato, ki aiko a tambaye ni.

Auta.

*

Auta,

Saƙo ya iso, na karanta sau uku, na karanta wa mai gari sau biyu. Kowa lafiya, sai tsoro.

Sun zo. Da hantsi muka ji ƙasa tana rawa, sai ga katafila ta nufo maƙabarta, Mai Jar Hula na tafe a gefenta da masu bindiga. Ya ce hanyar kashe gobara za su fitar, kuma ta nan ta bi. Mai gari ya miƙa masa takardar kotu, ya duba sama-sama ya ce ba da shi take ba.

Mu mata ne a wurin, sai tsofaffi. Wasu suka tashi suka ja baya, ban ga laifinsu ba. Ban san lokacin da Inna ta iso ba. Ta ja ƙafarta har gaban kabarin Baba, ta shimfiɗa tabarma, ta zauna ta miƙe ƙafar mai ciwo. Na ce, "Inna, don girman Allah ki taso." Ta ce, "'Yar nan, da ƙyar na zauna, kin san kuwa tashi ya fi wuya."

Sai na je na zauna kusa da ita, ba don jarumta ba, don ban san yadda zan gaya wa yayanki na bar ta ba. Sauran ma suka dawo ɗaya bayan ɗaya.

Katafila ta matso har muna jin zafin injin a fuska. Bakin ƙarfen ya sauko ya fara turo ƙasa, ƙasar ta zubo a kan tabarmar Inna. Na rufe ido ina salati. Inna ta ɗaga kai ta ce wa direban katafilar, "Ɗana, mahaifinka na da rai?" Ban ji amsarsa ba saboda ƙara. Mai Jar Hula yana ta daka masa tsawa ya ci gaba. Sai kawai muka ji shiru. Direban ya kashe injin, ya sauko, wani mai furfura ne ma ba yaro ba. Ya ce, "An ce mini fili ne. Ni ban yi kwangilar kabari ba." Ya sa makullin a aljihu ya kama hanya da ƙafa. Ɗaya daga masu gadin ya ɗaga bindiga, na kusa da shi ya danne masa hannu.

Ba mu bar wurin ba har ranar da alƙali ya zo. Ke kin ga sauran da idonki, tunda kina bayansa da jakarki, ko gaisawa ba mu samu yi da kyau ba. Abin da ba ki gani ba, bayan tafiyarku Inna ta kwanta zazzaɓi, sai sambatu take tana kiran Baba. Yanzu da sauƙi. Ki turo mana mutanenmu.

Uwar Biyu.

*

Auta,

Sallama. Ni ke faɗa, Uwar Biyu ke rubutawa, yatsun ba su fara riƙe alƙalami ba. Mun iso gida lafiya. Inna ta tashi, ta dube ni ta ce gidan yari bai iya ciyar da mutum ba. Kawu yana kwance, tarin bai sake shi ba, a sa shi a addu'a.

An karanta hukuncin wucin gadi a ƙofar mai gari. An dakatar da yankan katako, masu gadin sun fita daga makaranta, an ce mu ci gaba da shiga kurmi yadda muka saba har a gama shari'a. Mata sun yi guɗa. Ni ban iya ba. Na san belina aka yi, maganar wuta tana nan a wuyana, kuma kin ce babbar shari'ar tana iya ɗaukar shekaru. Gidajen da suka tashi, biyu sun dawo, biyu sun ce sun gaji.

Na je yamma na gani. Ban daɗe ba na juyo. Mai gari ya ce in ruwa ya sauka kowane gida zai dasa, an fara tara iri. Ki gode wa shugabarku, ki ce mata gari duka na gaishe ta.

Abu ɗaya ne ban gane ba, ki tambaya mana. Katafilar nan tana nan inda direban ya bar ta, bakinta a ƙasa, taku kaɗan daga kabarin Baba. Ba wanda ya zo ɗauka. Na yi wa masu gadin da suka rage a bakin shinge magana, suka ce ba tasu ba ce. Kaji har sun fara fakewa a ƙarƙashinta. Uwar Biyu ta ce in daina damuwa, ƙarfe ne kawai. Amma kullum da safe, kafin in je gaida Inna, sai na zagaya bayan gida na leƙa in ga ko akwai mutum a kanta.

Yayanki.